Tauraro Ya Mutu, Ba Mu Rubuta Ba

Shekara 17 ke nan muna riƙe da alli, kuma a cikin tambayoyin da yara suka taɓa jefo mana babu wadda ta bi mu har gida irin wadda wani yaro ya yi mana a watan Janairu na 2020. A lokacin muna koyarwa a wata sakandaren kwana a ƙasar Kazaure. Darasinmu na asali labarin ƙasa ne, amma da yake an yi wa malamin kimiyya na ƙananan azuzuwa canjin wurin aiki ba a kawo madadinsa ba, sai aka ɗora mana nasa a kan namu. Ranar muna cikin bayanin rana da duniyoyin da ke kewaya ta, sai yaron ya ɗaga hannu daga can layin baya ya ce, "Malam, wai tauraro yana mutuwa?"

Muka tambaye shi abin da ya kawo wannan magana. Ya ce da ya je hutu ƙauyensu, can wajen Roni, kakansa ya nuna masa wani jan tauraro ya ce ba shi da lafiya. Aji ya fashe da dariya. Mu ma, Allah Ya yafe mana, muka taya su. Sa'an nan muka ce masa abin da ake gani yana gilmawa da dare ana cewa tauraro ya faɗi, ɗan dutse ne yake ƙonewa a cikin iska, kuma wannan batu ba ya cikin manhaja. Maganar gaskiya ce, sai dai ba ita yaron ya tambaya ba. Malami in bai san amsa ba yakan amsa wata tambayar da ya sani, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban allo ya san wannan dabara.

Ba a yi mako guda ba muka ci karo da labari a waya, wai masana taurari na duniya sun duƙufa a kan wani jan tauraro da haskensa ya dusashe tun ƙarshen 2019. Turawa suna kiransa Betaljus, sunan da suka gurɓata daga Larabci. Kafin tsakiyar Fabrairu haskensa ya ragu zuwa wajen kashi ɗaya cikin uku na yadda aka san shi, har wasu suna tambaya ko fashewa zai yi. Muka ajiye wayar, jikinmu ya yi sanyi. Ranar Asabar muka nemi izini, muka goya yaron a babur muka nufi ƙauyen.

Tsohon manomi ne, kuma yana cikin mutanen nan da suke riƙe da lissafin taurari, waɗanda a da kowace ƙarya ba ta rasa ɗaya ko biyu. Bayan sallar isha ya sa aka shimfiɗa mana tabarma a bayan gida, ya shiga jero mana taurari 28 na shekara, kowanne da kwana 13, in ban da Jabha mai 14. Na damina ya fara da su: Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha, Harsan. Ya ɗaga sandarsa ya nuna mana Haƙ'a, wasu 'yan taurari uku masu rauni da suka haɗa kai wuri ɗaya, sa'an nan ya karkatar da sandar kaɗan ya tsayar da ita a kan jan tauraron.

"Malam," in ji shi, "shekara sittin ina duban wannan wuri. Wannan da wancan ja na kusa da Kaza, Dabaran, kullum wannan ne yake gaba da haske. Bana ka ga wancan ya fi shi."

Muka ce, "Baba, ka rubuta ranar da ka fara lura?"

Ya yi dariya ya ce lissafin dai yana nan a rubuce da ajami tun na malaminsu, amma abin da ido ya gani wa yake rubutawa? A ka ake ajiye shi.

To, mai karatu, amsar da ta kamata mu ba yaron nan ita ce: ƙwarai, tauraro yana mutuwa, kuma manya daga cikinsu mutuwar tasu ba ta shiru ba ce. Bari mu faɗi yadda abin yake gwargwadon yadda muka fahimce shi daga baya, bayan mun koma ɗalibi da tsufanmu.

Tauraro maƙera ce. Rana ma tauraro ce, kusancinta ne ya sa ta zama rana. A cikin cikinsa akwai matsi da zafin da ke tilasta wa ƙwayoyin iskar haidirojin haɗewa su zama hiliyom, kuma daga wannan haɗewa haske da zafi suke fitowa. Duk tsawon rayuwar tauraro kokawa ce tsakanin abu biyu da suka sarƙe: nauyinsa yana jan komai zuwa ciki, zafinsa yana turowa waje. Muddin akwai makamashi, babu mai kayar da wani. Tauraron da ya ninka rana nauyi sau 8 ko fiye, idan haidirojin ta ƙare a tsakiyarsa sai ya koma ƙona tokar da ya tara, hiliyom ta zama kabon, a wuce zuwa oksijin, a wuce zuwa silikon, kowane mataki ya fi na bayansa gajarta. Matakin farko yakan ɗauki miliyoyin shekaru, na ƙarshe kuwa 'yan kwanaki ne kacal, kuma abin da yake haifarwa ƙarfe ne. A nan gizo ke saƙa, domin ƙarfe ba ya ba da zafi idan an matse shi, ci ma yake yi. Da zarar tsakiyar tauraron ta cika da ƙarfe, ɗan kokawa ɗaya ya saki. Cikin ƙasa da daƙiƙa guda tsakiyar take ruftawa, dunƙulen da ya kai girman duniyarmu ya koma curi mai faɗin kilomita 20 ko kusa da haka, wanda bai kai nisan Kazaure zuwa Dambatta ba. Sauran jikin tauraron ya faɗo a kan curin, a watso shi waje da ƙarfin da zai sa tauraro guda ya yi gogayya da hasken dubban miliyoyin taurari na tsawon makonni. Wannan ita ce fashewar da masana suke kira sufanoba. Abin da ya saura a tsakiya shi ne tauraron niyutiron, wanda cikin cokalin shayi na jikinsa zai yi nauyin tan miliyan dubu. In kuwa nauyin ya wuce kima, sai ya zama baƙin rami, inda ko haske ba ya iya fita.

Akwai fashewa iri na biyu. Tauraro matsakaici irin ranarmu ba ya fashewa, gawa yake bari, wani ɗan farin dunƙule mai hucewa a hankali. Idan gawar tana da maƙwabci a kusa, sai ta dinga zuƙar jikinsa har nauyinta ya doshi ninkin rana 1.4, daga nan ta kama da wuta gaba ɗaya ta tarwatse. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Mafi yawan ƙarfen da ke duniyar nan daga waɗannan fashe-fashe biyu ya fito, tun kafin a yi ranarmu. Garmar tsohon nan na Roni, da taman da maƙeran farko suka narka a gindin Dala, da ɗan ƙarfen da ke sa jininmu ja, duk sun taɓa zama a cikin wani tauraro.

Betaljus dai bai fashe ba. Kafin watan Afrilu na 2020 haskensa ya dawo, kuma daga baya manyan madubai na hangen nesa suka nuna cewa tauraron ne ya furzar da iska mai zafi, ta huce ta zama ƙura ta tare fuskarsa. Hazo ne, irin namu na hunturu. Mun so mu koma mu gaya wa tsohon, sai annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris, kowa ya kama gabansa. Da aka buɗe muka yi ta cewa sai Asabar mai zuwa. Cikin damina ta 2021 yaron ya zo ya gaya mana kakansa ya rasu. Lissafin ajamin yana nan a gafaka, amma shekara sittin ta kallo ta tafi tare da mai ita.

Wannan rashi ne ya sa muka shiga bin diddigin waɗanda suka rubuta. A daren ƙarshe na Afrilu ko na farkon Mayu na shekarar 1006, wani baƙon tauraro ya bayyana a kudancin sama, kuma har yau ba a san wani da ya kai shi haske ba a cikin duk waɗanda aka ajiye labarinsu. Masu duban taurari na fadar Sin sun rubuta shi. Mutanen Japan sun rubuta. A Masar wani saurayi mai suna Aliyu bin Ridwan, wanda daga baya ya zama babban likita, ya gan shi, ya kuma bayyana a cikin sharhin da ya yi wa littafin Baɗlamusa cewa girmansa ya ninka na Zara sau biyu da rabi zuwa uku, haskensa kuma ya ɗara rubu'in na wata. Har wasu masu zaman ibada a Sant Galen, a ƙasar Suwizalan ta yau, sun sa shi a littafin tarihin gidansu, alhali a wurinsu da ƙyar yake leƙowa ta kan duwatsu.

A nan ne ɗan ilmin labarin ƙasa ya yi mana rana. Muka ɗauki takarda muka auna. A Sant Galen tauraron bai ɗaga daga ƙasa fiye da digiri 5 ba. A Alƙahira ya kai wajen 20. A ƙasar Kano da Kazaure da Daura kuwa ya kai kusan 40, wato kusan rabin hanya tsakanin bakin sama da tsakiyar ka, kuma da tsakar dare yake kaiwa can. Ka tuna kuma ƙarshen bazara ne, lokacin da zafi yake korar kowa daga ɗaki, manya da yara suna kwance a tsakar gida fuskarsu na sama. Babu yadda za a yi a ce kakanninmu ba su gan shi ba. Sun fi mutanen Masar ganinsa, balle na Turai. Bisa lissafin shekarun da Palmer ya yi wa Tarihin Kano, Bagauda ya yi sarauta daga 999 zuwa 1063, ka ga ke nan a zamaninsa abin ya faru. Mun karanta abin da aka ce a kan Bagauda, mun ga sunayen mutanensa da wuraren da ya zauna, ba mu ga tauraro ba.

Ba ma guda ɗaya ba. A cikin wannan zamani dai, ranar 4 ga Yuli 1054, mutanen Sin suka sake rubuta wani baƙon tauraro, wannan karon tsakanin Dabaran da Han'a, a cikin taurarin da manomanmu suke lissafi da su. Kwana 23 ana ganinsa da rana tsaka, da dare kuwa ya kusa shekara biyu. Wani likita mutumin Bagadaza, Ibnu Buɗlan, shi ma ya ambace shi. Ba muna zargin mutanen Bagauda ba ne, alƙalami bai riga ya zauna a ƙasar ba a lokacin. Da ya zauna an yi amfani da shi. A Tumbutu akwai wani tsohon littafi da mai shi ya rubuta a gefen shafi cewa a watan Rajab na 991 bayan Hijira, wato 1583, taurari sun yi ta shawagi a sama bayan tsakar dare har mutane suka firgita. Layuka kaɗan ne, ga shi kuwa bayan shekara fiye da 400 masana suna karanta su.

Amfanin irin wannan rubutu ya wuce na tarihi. Inda tauraron 1054 ya fashe, yau akwai wani gajimaren iska mai faɗaɗa da ake kira Gajimaren Ƙaguwa, a nisan da haske yake yi wa tafiyar shekara 6,500, shi da yake cin kilomita 300,000 a daƙiƙa. Da yake mutanen Sin sun ajiye rana da wata da wuri, masana sun san shekarun gajimaren daidai, da shi kuma suke gwada abin da suka fahimta game da sauran. A nan ne kuma sunan ɗan Nijeriya ya shigo. Samuel Okoye, wanda aka haifa a 1939 ya rasu a 2009, yana karatun digirin digirgir a Kambirij lokacin da shi da malaminsa Antony Hewish suka gano wani ɗan ƙaramin wuri a cikin gajimaren da ke fitar da igiyar rediyo mai ƙarfin da ba a saba gani ba. Sun buga sakamakon a 1965. A 1968 aka gane cewa curin nan ne da ya saura, tauraron niyutiron, yana juyawa sau 30 a kowace daƙiƙa. Hewish ya sami kyautar Nobel a 1974. Okoye ya dawo gida ya koyar a Jami'ar Nsukka, inda ya kafa harsashin nazarin sararin samaniya. Mun yi firamare, mun yi sakandare, mun yi kwalejin horon malamai, babu wanda ya taɓa ambata mana sunansa.

Muna 'yan aji ɗaya na firamare, a watan Fabrairu na 1987, wani tauraro ya fashe a wani ƙaramin garken taurari da ke maƙwabtaka da namu, nisan tafiyar haske ta shekara 168,000. Ian Shelton ne ya lura da shi daga ƙasar Chile. Sa'o'i kaɗan kafin hasken ya iso, wasu na'urori da aka binne a ƙarƙashin ƙasa a Japan da Amurka da Tarayyar Sobiyet sun kama wasu ƙwayoyi marasa nauyi da ake kira niyutirino, ashirin da 'yan kai, shaidar ruftawar da muka faɗa a baya. A wurinmu wannan tauraro bai ɗaga fiye da digiri 8 ba a kudu, cikin ƙurar hunturu, don haka a wannan karon muna da hanzari.

Saura ɗaya ɓangaren, wanda ya fi ba mu wahala a aji saboda sunansa. Akwai wani irin haske da ido ba ya gani, ya fi wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti ƙarfi nesa ba kusa ba. Masana sun sa masa sunan harafi na uku na Girkanci, gama. Ranar da muka fara rubuta "walƙiyar gama" a allo, wani ɗan baya ya ce, "Malam, gama duniya?" Aka yi dariya, amma wannan karon ba mu ce ba ya cikin manhaja ba.

Labarin gano wannan walƙiya ya ratsa ta kusa da gida. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta gwada bam ɗinta na nukiliya na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, a daidai lokacin da iskar hunturu take kwaso ƙurar hamada ta kawo mana. Dattawa a Babura da sauran garuruwan bakin iyaka suna iya tuna zullumin da aka shiga. Bayan gwaji na uku, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta sallami jakadan Faransa a watan Janairu na 1961. Irin wannan koke daga sassan duniya yana cikin abin da ya sa Amurka da Ingila da Tarayyar Sobiyet suka ƙulla yarjejeniya a 1963 ta daina gwajin bam a cikin iska da ruwa da sararin sama. Da yake ba su yarda da juna ba, sai Amurka ta harba taurarin ɗan'adam masu suna Vela don su yi gadi, su kama hasken gama da bam yake fitarwa. Ranar 2 ga Yuli 1967 suka kama wata walƙiya da ba ta yi kama da ta bam ba. Aka ci gaba da samun irinta, kuma ba daga duniya take zuwa ba, ba kuma daga rana ba. Sai a 1973 aka bayyana wa jama'a. An tafi farautar ɓarawo, an dawo da abin da ba a san da shi ba.

Shekara fiye da ashirin ana gardama a kan nisan abin. Wata na'ura da aka harba a 1991 ta ƙirga walƙiya 2,704 cikin shekara tara, kusan ɗaya kowace rana, kuma daga kowace kusurwa ta sama suke zuwa babu inda ya fi wani. Wannan ya nuna ba daga garken taurarinmu suke ba, domin namu shimfiɗe yake kamar faifai. A 1997 wani tauraron ɗan'adam na Italiya da Holan, BeppoSAX, ya kama ɓurɓushin hasken da ke biyo bayan walƙiyar, aka auna nisa aka ga na dubban miliyoyin shekarun haske ne. A 1998 aka ga walƙiya da fashewar tauraro a wuri guda. Fahimtar da aka tsaya a kai ita ce, idan wani ƙaton tauraro mai saurin juyawa ya rufta ya zama baƙin rami, yakan harba wuta ta kafa biyu, gaba da baya, siririya kamar hasken tocila, da gudun da ya kusa na haske. Cikin 'yan daƙiƙoƙi take fitar da abin da rana za ta fitar a duk rayuwarta. Sai wanda tocilar ta haska ne yake gani. Gajerun walƙiyoyi kuwa, waɗanda ba su kai daƙiƙa biyu ba, karon taurarin niyutiron biyu ne, kamar yadda aka tabbatar ranar 17 ga Agusta 2017, kuma a irin wannan karo ake ƙera zinariya. Wannan ya burge 'yan ajinmu fiye da komai.

Ranar Lahadi 9 ga Oktoba 2022, shekarar da ambaliya ta yi wa Jihar Jigawa mummunar ɓarna, muna cikin mota daga Babura za mu koma Kazaure, mun je gaisuwar rasuwa. Washegari Litinin hutun Mauludi ne, motar ta cika maƙil, ana hirar farashin gero. Da ƙarfe 2:17 na rana agogonmu, walƙiyar gama mafi ƙarfi da aka taɓa aunawa ta iso duniya. Taurarin ɗan'adam Fermi da Swift sun kama ta, ƙarfinta ya makantar da wasu na'urorin na ɗan lokaci. Ta girgiza saman iskar duniya, can inda igiyar rediyo take karo ta dawo, har aka auna canjin daga ƙasa. Masana sun ƙiyasta cewa irinta sai sau ɗaya a shekara 10,000. Hasken ya baro gida tun shekara miliyan 1,900 da suka wuce, tun babu dabba babu itace a bayan ƙasa. Daga baya madubin James Webb ya hango fashewar tauraron da ta haife ta.

Da muka sami labarin muka sake ɗaukar takarda. A wannan minti wurin da walƙiyar ta fito yana saman Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa, ta gabas, wajen digiri 30, kamar tsayin rana da hantsi. Wato ta sauka a kan rufin motarmu, ko a ce a kan iskar da ke bisa motar, domin bargon iskar da ya lulluɓe duniya yana shanye hasken gama tun daga can sama, shi ya sa babu wanda ya ji ko ɗar. Wannan ba abin da ido zai gani ba ne, ba mu da laifi. Amma ya sa mun tuna wanda ido ya gani.

Ranar Laraba 29 ga Maris 2006 rana ta yi husufi da hantsi. A Katsina da Gusau ta rufe ruf, a nan wajenmu ma gari ya yi duhu, kaji suka nufi akurki, aka yi sallar husufi. Muna kwaleji a lokacin, mun zo gida hutu, kuma muna da littafin da muke rubuta abubuwan yau da kullum, domin tun a lokacin muna kiran kanmu marubuta, har muna da rabin labarin soyayya a jaka. Kwanan baya muka tono littafin daga akwati muka buɗe shafin ranar. Abin da ke ciki bashin mai shayi ne da sunan wata yarinya. Mutanen Bagauda ba su da alƙalami. Tsohon Roni yana da shi, amma ba a koya masa cewa abin da idonsa ya gani ya isa a rubuta ba. Mu muna da alƙalami da takarda da agogo a hannu.

Masana sun ce a garken taurarinmu ana samun fashewa ɗaya ko biyu a kowace shekara ɗari, sai dai ƙura tana ɓoye mafi yawansu. Ta ƙarshe da aka gani da ido a cikin garken namu ita ce ta 1604, wadda Kepler ya bi ya rubuta. Cikin waɗanda ake sa ran za su fashe wata rana akwai Betaljus, akwai kuma Ƙalbu, tauraro na ƙarshe a jerin taurarin kaka na lissafin manoma, wanda Turawa suke kira Antares. Shi ma jan ƙato ne, da za a ajiye shi a mazaunin rana da ya haɗiye duniyarmu har ya wuce Mirrihu. Wata rana a bakin masana tana iya zama shekara dubu ɗari, saboda haka kada wani ya fasa shuka.

Abin da muka iya yi shi ne, mun sayi littafi mai bango mai kauri mun ajiye a ajinmu. Duk daren da sama ta yi garau, yara biyu sukan fita bayan karatun dare su rubuta kwanan wata da lokaci, da tauraron da suka duba, da wanda suka gwada shi da shi, da ko akwai hazo ko wata, sa'an nan su sa sunansu. Da Hausa suke rubutawa, kuma nan muka gane ƙarancin kalmominmu. Mun ce garken taurari, wani abokin aikinmu ya ce garke yana da makiyayi kuma yana watsewa, shi ya fi son gungu. Mun ce baƙin rami, wani ya ce rami yana da baki da gindi, wannan kuwa dunƙule ne. Walƙiyar gama har yanzu ba ta kwanta mana ba. Muna roƙon 'yan ƙungiya, musamman waɗanda suka fi mu sanin harshe, da mawaƙa da suka saba auna kalma, duk wanda yake da wadda ta fi waɗannan ya aiko ta hannun edita. Wanda kuma yake da dattijo mai lissafin taurari a garinsu, ya je masa da littafi tun wannan Asabar.

Yaron da ya yi tambayar ya gama makaranta, yana sayar da kayan waya a Kano. Da ya zo gida ya kawo mana hoton shafukan ajamin kakansa, mun liƙa su a bangon littafin daga ciki. Shafin da aka cika na baya-bayan nan na wani ɗan aji biyu ne mutumin Gwiwa, da rubutunsa mai karkata. Ya sa kwanan wata, ya sa ƙarfe tara saura kwata, sa'an nan ya rubuta: Ƙalbu, ta kudu, ja ne, yana nan, hadari ya rufe shi ƙarfe tara da minti goma.